Bishiya a Tsakiyar Birni: Madubi Ce Ko Maƙwabciya?

Gabatarwa

Da wuya a sami ƙagaggen labarin da babu tsiro ko ɗaya a cikinsa. Akwai bishiyar da masoya suka zauna a gindinta, akwai furen da aka miƙa wa wata, akwai ciyawar da ta lulluɓe kabari. Amma idan mai karatu ya rufe littafin aka tambaye shi abin da ya gani, mutane zai lissafa: wane ya auri wance, wane ya ci amanar wane. In kuwa ɗalibin adabi ne, ka matsa masa a kan furen, sai ya ce ai alamar soyayya ce, busasshiyar bishiya kuma alamar zuciyar da ta mutu. Ya amsa daidai da yadda aka koyar da shi, mu ma haka aka koyar da mu.

Wannan ɗabi'a ta girmi aji da allo, domin tana nan cikin harshen da muke magana da shi. Idan muka ce inuwar giginya na nesa ka sha, ba giginya ce a ranmu ba, wani ɗan'uwa ne da alherinsa ke tsallake dangi. Idan muka ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yaro muke nufi. Mukan ari jikin itace mu faɗi halin mutum, da zarar mun gama sai mu manta da itacen. Tambayar da wannan maƙala ke son tayarwa ita ce: shin adalci ne mu mayar da kowane mai rai madubin duba fuskarmu? Kuma idan mutum ya saba yi wa bishiya haka, me zai hana shi yi wa ɗan'uwansa mutum? Za mu bi wannan tambaya ta cikin wasu fitattun labaran birni da aka rubuta a Turai tsakanin 1919 da 1938.

Tarken Muhalli da Labarin Birni

Tarken muhalli wata hanya ce ta nazarin adabi wadda ke tambayar yadda rubutu ya ɗauki ƙasa da ruwa da dabbobi da tsirrai. Wani Ba'amurke mai suna William Rueckert shi ya raɗa mata suna a wata maƙala ta 1978. A 1992 aka kafa ƙungiyar manazarta adabi da muhalli a Amurka, a 1995 Lawrence Buell ya fitar da littafinsa a kan wannan fage, a 1996 kuma Cheryll Glotfelty da Harold Fromm suka tattara muhimman maƙalun fagen a kundi ɗaya. Da farko matarkan wannan hanya sun fi karkata ga rubuce-rubucen daji da duwatsu da ƙauye, suna ganin birni wuri ne da halitta ta riga ta sha kaye. Daga baya aka gane cewa wannan gajeren tunani ne, tun da yake fiye da rabin mutanen duniya a birane suke zaune, kuma yawancinsu a bakin titi suke haɗuwa da bishiya.

Su kuwa marubutan zamananci, wato waɗanda suka karya tsohon tsarin ba da labari a farkon ƙarni na 20, birni shi ne gidansu. Landan ta shekarun 1920 tana da mutum fiye da miliyan 7, Balin kuma wajen miliyan 4. Salonsu shi ne su shiga cikin kan tauraro su bi tunaninsa yadda yake kwarara, ba shiri ba tsari, daga ƙarar mota zuwa tunanin ƙuruciya. An daɗe ana karanta su a matsayin marubutan jirgin ƙasa da agogo da cunkoson jama'a. Sai da aka sake dubawa aka ga ashe littattafan cike suke da furanni da ganyaye. Abin da ya hana a gan su tun farko shi ne abin da wasu masana ilimin tsirrai biyu, James Wandersee da Elisabeth Schussler, suka kira makantar tsirrai a 1999: ido yakan tsallake kore ya nemi abin da ke motsi. Alhali wani lissafi da aka buga a 2018 ya nuna cewa tsirrai su ne kusan kashi 80 cikin 100 na nauyin dukkan masu rai a doron ƙasa.

Furen da Aka Saya

Littafin Virginia Woolf mai suna Mrs Dalloway ya fito a 1925, kuma labarin yini ɗaya ne cikin watan Yuni na 1923 a Landan. Ya fara da Clarissa Dalloway, matar wani ɗan majalisa, ta fita sayen furannin da za ta ƙawata liyafar da za ta yi da dare. Ta shiga kantin furanni a titin Bond, unguwar masu hannu da shuni, tana shaƙar ƙamshi, hankalinta na kwantawa. Matarki na gargajiya zai ce furannin nan ƙuruciyarta ce da ta wuce. Matarkin muhalli ba zai musa ba, amma zai ƙara da cewa furen da ke cikin kanti yankakke ne, an raba shi da saiwarsa, wani ne ya noma shi, wani ya yi sammako ya kawo shi kasuwa, kuma nan da 'yan kwanaki zai koma juji. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya ratsa zuciyar Clarissa.

Woolf ba ta bar tauraruwarta ta tsira daga wannan zargi ba. Da rana mijinta Richard ya kawo mata furen wardi, ja da fari, da niyyar ya gaya mata yana sonta, amma bakinsa ya yi nauyi, furen ya yi masa maganar. Daga nan ya tafi taron wani kwamiti a kan al'ummar da aka yi wa kisan gilla. Clarissa ta kasa tunawa ko Armeniyawa ne ko Albaniyawa, kuma ta amsa wa kanta cewa wardinta ya fi su daraja a wurinta. Wannan kuwa shekara takwas ke nan kacal bayan kisan Armeniyawa da aka fara a 1915. Darasin da ke nan yana da ɗaci. Son fure bai sa ta zama mai tausayi ba, domin abin da take so a jikin furen shi ne daɗin da yake ba ta.

Akwai kuma gwaggonta Helena, tsohuwar da ta yi yawon tsaunukan Bama a zamanin ƙuruciyarta, ana ɗauke da ita a kafaɗar 'yan ƙasa, tana tumɓuke furannin okid, har ta rubuta littafi a kansu. Da wannan tsohuwa Woolf ta buɗe mana ƙofar mulkin mallaka, domin tara tsirrai babbar sana'a ce ta daular Ingila, kuma cibiyarta ita ce lambun Kew da aka kafa a 1759 a gefen Landan. A 1876 Henry Wickham ya kwaso irin bishiyar roba kimanin 70,000 daga Birazil zuwa Kew. Waɗanda suka tsiro ba su kai 3,000 ba, amma daga cikinsu aka aika da dashe zuwa Silon da Malaya, kuma kafin Yaƙin Duniya na Farko robar Asiya ta karya kasuwar Birazil. Haka nan daga 1860 Kew ta taimaka wajen ɗauko bishiyar sinkona daga tsaunukan Amurka ta Kudu zuwa Indiya. Daga ɓawonta ake samun kwinin, maganin zazzaɓin da William Baikie ya gwada a 1854, lokacin da ya haura Kwara da Binuwai da jirgin ruwa ya koma ba tare da ya rasa Bature ko ɗaya ba. Ɓawon itace na cikin abubuwan da suka buɗe wa Turawa hanyar shiga ƙasashenmu. Abin lura shi ne, Clarissa na tsaye cikin kantin furannin nan aka ji wata ƙara daga wata mota a titi kamar harbin bindiga, mai kantin ta shiga ba da haƙuri kamar ita ce mai laifin motoci da tayoyinsu. Furen da ke hannu da tayar da ke waje duk jikin tsiro ne. Birnin da ke ganin ya rabu da daji, a kan ruwan jikin bishiya yake mirginawa.

Mahaukacin da Ya Ga Bishiya

A cikin littafin nan mutum ɗaya ne ya dubi bishiya a matsayin mai rai, shi ne kuma wanda aka yanke wa hukuncin hauka. Septimus Warren Smith saurayi ne da ya shiga soja da son ransa, ya ga an kashe amininsa Evans gab da ƙarshen yaƙi, ya dawo da taɓuwar da rugugin fagen fama ke jawowa. Yana zaune da matarsa Lucrezia a lambun shaƙatawa na Regent's, sai ya ga bishiyoyin elam suna tashi suna sauka, ya ji kamar an ɗinke ganyensu da jikinsa da zaruruwa marasa iyaka, in reshe ya miƙe shi ma sai ya miƙe. Cikin saƙonnin da yake rubutawa a bayan ambulan, yana ganin wahayi ne ga duniya, har da hani ga sare itatuwa.

Ya kamata mu tuna daga inda irin su Septimus suka fito. A fagen yaƙin Faransa an yi wa dazuzzuka abin da aka yi wa samari. A dajin Delville, inda aka gwabza a 1916, bishiya ɗaya ce ta rage da rai. Wanda ya ga an ragargaza mutum da itace da harsashi ɗaya, ba abin mamaki ba ne ya daina ganin katanga a tsakaninsu. Daɗin daɗawa, a daidai wannan zamani masanin nan ɗan Indiya, Jagadish Chandra Bose, wanda aka shigar da shi babbar majalisar masana kimiyya ta Ingila a 1920, yana nuna wa Turawa da na'urorin da ya ƙera cewa tsiro na amsa zafi da guba da lantarki. A 1983 kuma Ian Baldwin da Jack Schultz suka nuna cewa idan aka yaga ganyen wani dashe, na kusa da shi yakan ƙara sinadaran kariya a jikinsa. Wannan bai mayar da ruɗin Septimus ya zama ilimi ba, ciwo ne yake fama da shi, kuma Woolf ta san irin ciwon a jikinta. Amma tushen abin da ya gani, cewa bishiyar nan tana raye kuma rayuwarsa na rataye da tata, gaskiya ce da kowane numfashi ke tabbatarwa.

Sai a dubi masu hankalin da aka kai shi wurinsu. Babban likita Sir William Bradshaw ya ba shi minti 45, ya yanke cewa a raba shi da matarsa a kai shi gidan hutu a ƙauye. A wurin wannan likita, ƙauye da itatuwansa magani ne da ake rubutawa a takarda, majinyaci kuma matsala ce da ake kawarwa. Da Septimus ya ji ana hawowa bene a tafi da shi, sai ya faɗo ta taga a kan ƙarafan shinge masu tsini. Da labarin ya isa liyafar Clarissa da dare, ta keɓe a wani ɗaki ta yi tunaninsa, ta ji kamar ita da shi ɗaya ne, ta ji mutuwarsa ta sa ta ƙara ganin kyawun rayuwa, sannan ta koma cikin baƙinta. Da yawa daga masu karatu na ganin wannan shi ne ƙololuwar tausayi a littafin. A ganinmu akwai abin tsoro a ciki: ta yi wa gawar saurayin abin da ta yi wa wardi, ta duba fuskarta a jikinsa.

Tun a 1919 Woolf ta gwada wata hanya dabam a gajeren labarinta mai suna Kew Gardens. A nan ta dasa idon labari a wani kwamin furanni, ta bar mutane suna wucewa bibbiyu, ana jin guntayen maganarsu suna ɓacewa. A tsakiyar kwamin akwai dodon-koɗi da ke shawarar yadda zai wuce wani busasshen ganye, ko ya hau ta sama, ko ya kewaya, ko ya kutsa ta ƙasa. Marubuciyar ta ba wannan shawara muhimmanci daidai da na hirar masoyan da ke wucewa. A 'yan shafukan nan mutum ne ya zama ado, lambu ya zama mai gida.

Dankalin Bloom

James Joyce ya fitar da Ulysses a Faris a 1922, labarin yini ɗaya a Dablin, ranar 16 ga Yuni, 1904. Sunan tauraronsa, Leopold Bloom, na nufin huda ko fure da Ingilishi. Sunan mahaifinsa na asali, Virag, fure ne da harshen Hangari. Sunan ɓoye da yake amfani da shi wajen rubuta wa wata mace wasiƙun soyayya shi ma fure ne, ita kuma ta maƙalo masa fure a wasiƙarta. Joyce ya cika littafin da wasan alamomin fure har ya zama abin dariya, kamar yana nuna mana yadda al'ada ta tatse fure ta bar kwanso.

Amma a aljihun Bloom akwai wani tsiro da ba na ado ba: wani tsohon dankalin Turawa, baƙi, busasshe, gadon mahaifiyarsa, yana yawo da shi kamar laya. Duk ɗan Ailan ya san nauyin wannan abu. Daga 1845 zuwa 1852 wata cuta ta ruɓar da dankali a gonakin ƙasar, mutum wajen miliyan 1 suka mutu, wasu wajen miliyan 1 suka yi hijira. Abin da ya sa annobar ta yi muni shi ne talakawa sun dogara ga abinci ɗaya, kuma mafi yawansa iri ɗaya ne, ga shi ƙasar noma tana hannun masu mallaka, ana fitar da hatsi da dabbobi zuwa Ingila mutane na mutuwa. Dankalin Bloom alama ce, babu shakka, sai dai alama ce da tsiron ya saya da tarihinsa, ba wadda marubuci ya liƙa masa don ƙawa ba. Ko ba a rubuta littafin ba, dankali ya riga ya sauya yawan mutanen Ailan.

Da Bloom ya je jana'iza a maƙabartar Glasnevin, tunaninsa ya tafi ga yadda ƙasar wurin ta yi taki da gawarwaki, ya tuna cewa lambun nazarin tsirrai na nan maƙwabtaka da maƙabartar. Ba ya wannan tunani da firgici, yana yinsa ne kamar manomi. A nan an juya lissafin: mutum ne abincin tsiro. A wata mashaya kuma wani mai zafin kishin ƙasa ya yi ta kukan yadda aka ƙare dazuzzukan Ailan, kuma yana da hujja, domin a farkon ƙarni na 20 abin da ya rage na daji bai fi kashi 1 ko 2 cikin 100 na ƙasar ba. Sai Joyce ya katse shi da labarin ba'a na wani bikin aure inda amarya da ƙawayenta duk sunayen itatuwa gare su. Dalilin ba'ar a fili yake: wannan mai kukan itatuwa shi ne ya kori Bloom daga mashayar don Bayahude ne, har ya jefe shi da gwangwanin biskit. Bishiyar da yake so tuta ce kawai.

Hanzari Ba Gudu Ba

Mai hankali zai iya tsayar da mu a nan ya ce: duk wannan magana ta masu ƙoshi ce. Adabi da harshen mutum ake yinsa, domin mutum, kuma babu bishiyar da ta taɓa karanta littafi balle ta ji an yi mata rashin adalci. Idan matarki ya bar saurayin da ya faɗo ta taga ya koma ƙirga ganye, ashe bai zama Clarissa da wardinta ba? Wannan suka ce mai ƙarfi, kuma akwai littattafan zamananci da ke goyon bayanta.

Alfred Döblin, likita ne a unguwannin talakawan Balin, ya fitar da Berlin Alexanderplatz a 1929. Tauraronsa Franz Biberkopf ya fito daga kurkukun Tegel bayan shekara 4, ya yi alkawarin zama mutumin kirki, birnin ya yi ta kayar da shi. Mafi munin abin da ya faru a littafin ba a lungun birni ya faru ba. Wani mugu mai suna Reinhold ya yaudari Mieze, budurwar Franz, zuwa dajin Freienwalde inda mutanen Balin ke zuwa shan iska, ya shaƙe ta, aka binne ta a can. Bayan kisan sai marubucin ya juya ga itatuwa, iska na kaɗa su, suna rangaji. Ba su kare ta ba, ba su yi mata kuka ba, ba su ba da shaida ba. Duk wanda ke zaton daji wurin tsarki ne da ke gyara halin ɗan birni, wannan babi ya ishe shi amsa.

Jean-Paul Sartre ya kai maganar maƙura a littafinsa La Nausée na 1938. Tauraronsa Antoine Roquentin na zaune a kan benci a lambun wani gari na bakin teku, sai idonsa ya faɗa kan saiwar wata bishiyar maroniye da ta nutse cikin ƙasa kusa da ƙafarsa. Nan take sunan abin da amfaninsa suka zube daga kansa, ya rage shi da wani baƙin dunƙule mai gaɓa-gaɓa wanda yake nan kawai, ba don kowa ba, ba don komai ba. Abin da ya ji tashin zuciya ne. A wani wurin kuma yana tsoron ciyayi, yana ganin sun yi wa birane ƙawanya suna jiran ranar da za su haɗiye su.

Mun yarda da rabin sukar. Bishiya ba ta da tausayi, kuma matarkin da ya ba ta zuciya irin tamu ya sake mayar da ita madubi ta bayan gida. Amma waɗannan littattafai biyu, idan aka duba da kyau, su ne suka fi ba tsiro haƙƙinsa, domin sun bar shi a yadda yake. Itatuwan Freienwalde ba su yi duhu don Mieze ta mutu ba, suna kan harkarsu. Saiwar Roquentin ta ƙi karɓar kowace ma'ana da zai ɗora mata. Abin da ya tayar masa da zuciya shi ne gano cewa akwai rayuwar da ba ta bukatarsa. Wannan ganowa tana da zafi ga mai girman kai, amma ita ce farkon ladabi. Game da rabin sukar da ya rage, wato cewa kula da tsiro na ɗauke hankali daga mutum, misalan da muka kawo sun nuna akasin haka. Wanda ya tambayi inda roba ta fito zai isa ga leburan gandun Malaya, wanda ya bi tarihin dankali zai isa ga kaburburan Ailan, wanda ya bi sawun okid zai ga kafaɗun da suka ɗauki gwaggo Helena. Wadda ba ta tambayi asalin furenta ba ita ce ta kasa bambanta Armeniyawa da Albaniyawa.

Kammalawa

Ba muna kira a daina siffantawa da kamantawa ba ne, domin in aka cire su babu sauran adabi, kuma harshen da ba ya aron jikin itace ya faɗi halin mutum bai wanzu ba. Aro halal ne, abin zargi shi ne a ari abu a manta da mai shi. A 1972 wani malamin shari'a a Amurka, Christopher Stone, ya tambaya ko ya dace a ba itatuwa damar a shigar da ƙara da sunansu a kotu. Tamu bukatar ba ta kai nan ba. Abin da muke nema ga mai karatu shi ne, idan ya gamu da tsiro a shafi, kafin ya tambayi abin da yake wakilta, ya fara tambayar ko wane tsiro ne, daga ina ya zo, wa ya sha wahalarsa, kuma me zai same shi bayan taurari sun tashi sun tafi. Ga mai rubutu kuma, musamman matasanmu da ke gwada alƙalaminsu a kan rayuwar birni, muna cewa bishiyar da ka sa a labarinka ta cancanci ka san sunanta da lokacin da take zubar da ganye, kamar yadda ka san sunan tauraronka da sana'arsa.

Dalilin da ya sa muka ɗauki wannan a matsayin batun ɗabi'a shi ne, ido ɗaya ne mutum yake kallon duniya da shi. Wanda ya horar da idonsa ya ga cewa abin da ke gabansa yana da rayuwar da ba tasa ba, zai kai wannan horo gida da kasuwa da ofis. Wanda kuwa ya saba ganin kansa a jikin komai, ko maƙwabcinsa ya faɗo daga bene, kansa zai gani.

Akwai kuma dalili na biyu, shi ne abin da ba a gani yakan tafi ba a sani ba. Bishiyoyin elam da Septimus ya kalla sun kasance a ko'ina a Ingila, har ba mai lura da su. A ƙarshen shekarun 1960 wata muguwar cutar funfuna, wadda wani ɗan ƙwaro ke yaɗawa, ta shigo ƙasar a jikin gumagumai da aka yi odarsu daga Kanada, ta kashe fiye da bishiya miliyan 25. Ɗalibin da ke karanta Mrs Dalloway a Landan a yau zai iya rubuta shafi goma a kan abin da elam ke wakilta a zuciyar Septimus, amma sai ya yi nema kafin ya sami babba guda da zai zauna a inuwarta.